KAKAR WASAN 1951 A JAMI'AR SAN FARANSISKO: Samarin da Suka Ƙi Tafiya Ba da 'Yan'uwansu Ba

Bisa al'ada, wannan fili na tarihi kan tsaya ne a kan al'amuran gida, wato kafuwar unguwanni da jerin masu sarauta da labarin makarantunmu na farko. A bana kuwa, da yardar kwamitin mujalla, za mu yi doguwar tafiya, mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu koma baya fiye da shekaru 70, domin mu duba abin da ya sami wasu ɗaliban jami'a a kakar wasa guda ɗaya tak.

'Ya'yanmu na birni sun san sunan kowane ɗan wasan Turai, da kuɗin da aka saye shi, da albashin da yake ɗauka a mako. Ba mu ga laifinsu ba, kowane zamani da abin da yake yayi. Sai dai akwai wani gefe na tarihin wasanni wanda masu sharhi a talabijin ba su cika taɓawa ba, shi ne na ranar da aka ajiye wa 'yan wasa kuɗi da suna a hannun dama, aka ajiye musu abokan zamansu a hannun hagu, aka ce su zaɓa. A ƙarshen shekarar 1951, shekarar da mu a nan Nijeriya ake hidimar zaɓe a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, an yi wa 'yan ƙwallon Jami'ar San Faransisko irin wannan tayi. Sun zaɓi abokansu, kuma kafin shekarar ta fita an rushe ƙungiyar wasan tasu.

Wane irin wasa ne?

Wajibi ne mu fara da share fage, don kada sunan ya ruɗi mai karatu. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba tamaular da muka sani ba ce. Ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, da tsini a kai biyu, kuma a hannu ake riƙe ta a ruga da gudu, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, tsawon fili tsakanin layukan ƙarshe biyu kuwa yadi 100. Ana ba masu riƙe da ƙwallo dama 4 su ci gaba da yadi 10, in sun kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo a hannunsa ya samo wa ɓangarensa maki 6. Hanyar tsayar da mai gudu ita ce a kama shi a kayar, saboda haka wasa ne na ƙarti, ana sa hular kwano da matashin kafaɗa, amma duk da haka karaya da targaɗe ba baƙin abu ba ne.

A wancan zamani wasan jami'o'i ya fi na 'yan kasuwa farin jini. Ana fara kaka a watan Satumba, a rufe a ƙarshen Nuwamba, kowace makaranta ta yi wasa 9 ko 10. Babu wasan ƙarshe na fitar da gwani. 'Yan jarida ne ke jefa ƙuri'a su jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta 20. Bayan haka sai wasu kwamitocin attajirai a biranen da ba su da tsananin sanyi su shirya manyan wasanni na ranar sabuwar shekara, su gayyaci makarantun da suka ga dama, a raba kuɗin ƙofa. Waɗannan wasanni su ne ake kira Rose Bowl da Sugar Bowl da Orange Bowl da Cotton Bowl da Gator Bowl. Kalmar da ke ƙarshen sunayen tana nufin akushi ko kwano, saboda siffar filayen da ake yin wasan.

A nan ne mai karatu zai riƙe wani abu da dukkan labarin ya rataya a kansa. Rose Bowl kaɗai ke jihar Kalifoniya, kuma yarjejeniya ta riga ta keɓe shi ga zakarun wasu manyan rukunonin jami'o'i guda biyu, waɗanda San Faransisko ba ta cikinsu. Sauran huɗun duk a Kudu suke: New Orleans, Mayami, Dallas da Jacksonville. Kudancin Amurka kuwa a 1951 ƙasa ce da doka ta raba baƙi da farare a makaranta, da otal, da motar haya, da gidan abinci, har da famfon shan ruwa. An soke bauta tun 1865, amma a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariya, ba ta kuma juya wannan hukunci game da makarantu ba sai a 1954. Ashe ke nan makarantar da ke can gaɓar yamma, wadda jiharta ba ta da irin waɗannan dokoki, in tana son ladan wahalarta, tilas ta je ta ɗauko shi a gidan masu wariya.

Makarantar da samarinta

Limaman ɗariƙar Jesuwit ta cocin Katolika ne suka kafa makarantar a 1855 da sunan St. Ignatius, ta karɓi sunan Jami'ar San Faransisko a 1930. Ƙarama ce idan aka gwada ta da maƙwabtanta irin su Stanford da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ba ta kuma da taskar gwamnati a bayanta. Laƙabin 'yan wasanta shi ne Dons, daga kalmar girmamawa ta Sifaniyanci wadda za mu iya kwatantawa da "yallaɓai". Ga masu bin tamaula a cikinmu, sunan wannan jami'a ba zai zama baƙo ƙwarai ba, domin a shekarun 1970 wasu 'yan wasanmu da suka tashi a ƙasar Jos sun yi karatu a can suna buga mata ƙwallo irin tamu. Andy Atuegbu, ɗaya daga cikin 'yan gida ɗayan nan da suka yi suna a Mighty Jets, yana cikin waɗanda suka ci mata kofin jami'o'in Amurka a 1975 da 1976, haka kuma Tony Igwe na Green Eagles ya sa rigarta. Wannan dai ratse ne, mu koma kan 1951.

Mai horar da samarin shi ne Joe Kuharich, mutum mai tsanani wanda ya shahara da gasa wa 'yan wasa aya a hannu wajen atisaye kafin a shiga kaka. Yawancin yaransa 'ya'yan talakawa ne da 'ya'yan baƙin haure. Akwai Gino Marchetti, ɗan mutanen Italiya, wanda ya riga ya yi aikin soja a fagen Yaƙin Duniya na Biyu a Turai kafin ya zauna a aji. Akwai Bob St. Clair, dogo mai ƙafa 6 da inci 9, wanda ya yi suna da cin ɗanyen nama. Akwai Ed Brown mai jefa ƙwallo. Sannan akwai baƙar fata guda biyu, Ollie Matson da Burl Toler.

An haifi Matson a jihar Teksas a 1930, ya koma San Faransisko yana matashi. Allah ya ba shi gudu irin na barewa tare da jiki mai nauyi, abubuwa biyu da ba su cika haɗuwa a mutum ɗaya ba. Toler kuwa haifaffen Memphis ne ta jihar Tennessee, a 1928, kuma abin mamaki bai taɓa buga wannan wasa a sakandare ba. Sai da ya zo ƙaramar kwalejin birnin San Faransisko aka ga ƙirarsa aka jawo shi fili. A can ya haɗu da Matson, suka ƙulla abota, suka wuce jami'a tare. Aikin Toler shi ne tare hanya da kayar da mai gudu, kuma abokan wasansa, har da waɗanda suka zama taurari daga baya, sun sha faɗa cewa shi ne ya fi su duka iya wasa. Mai kula da hulɗa da 'yan jarida a sashen wasanni na jami'ar wani saurayi ne mai suna Pete Rozelle. A riƙe sunansa, zai sake fitowa.

Yadda kakar ta gudana

Sun buɗe da San Jose State suka lallasa ta da ci 39 da 2, suka bi Idaho suka ci 28 da 7, suka yi wa sojojin sansanin Pendleton 26 da nema, suka sake haɗuwa da San Jose suka ƙara mata 42 da 7. Wasan da ya fi ba su wuya shi ne wanda suka yi a birnin New York da Jami'ar Fordham a watan Oktoba. Rozelle ya yi ta fafutukar jawo manyan marubutan wasanni na gabashin ƙasar su zo su ga Matson da idonsu, don ya san ƙuri'arsu ce ke ɗaga ɗan wasa ko ta binne shi. Matson bai ba shi kunya ba. Sau biyu yana karɓar ƙwallo kusa da layin gidansu ya keta dukkan 'yan Fordham ya dire a ɗaya ƙarshen filin. Aka tashi 32 da 26.

A cikin wannan wata na Oktoba wani abu ya faru a jihar Oklahoma wanda ke nuna irin iskar da ke kaɗawa a lokacin. Jami'ar Drake ta je wasa garin Stillwater da gwarzonta baƙar fata, Johnny Bright. Tun a mintunan farko wani ɗan wasan masu masauki ya yi ta kai masa duka a fuska bayan ƙwallo ta bar hannunsa, har ya karya masa muƙamuƙi. Masu ɗaukar hoto na wata jaridar birnin Des Moines sun kama abin daki-daki, hotunan suka zagaya ƙasa har suka ci lambar Pulitzer a 1952. Ba a hukunta kowa ba. Sai a 2005 jami'ar da abin ya faru a filinta ta rubuta takardar neman gafara, shekaru 22 bayan rasuwar Bright.

Su kuwa Dons suka dawo gida suka ci gaba da sharar fage. Sojojin ruwa na San Diego 26 da 7, Santa Clara ita ma 26 da 7. Daga nan sai karon da kowa ke jira, da Kwalejin Pacific, wadda ita ma ake yi wa zaton samun gayyata. Aka ce za a yi kare jini biri jini, sai ga shi an tashi 47 da 14. Suka rufe da Loyola ta Los Angeles da ci 20 da 2. Wasa 9, nasara 9, babu kunnen doki ko ɗaya. Sun tara maki 286, an ci su 72. Matson shi kaɗai ya yi gudun yadi 1,566 da ƙwallo a hannu, ya ƙetare layi sau 21, babu wanda ya kamo shi a duk jami'o'in ƙasar a wannan shekara. Da aka zo zaɓen gwarzon shekara, wato lambar Heisman, sai ya zo na 9. Da aka zo jera fitattun 'yan wasan ƙasa, sai aka sa shi a layin masu tsaron baya, shi da ya fi kowa kai hari. Ƙungiyar kuma 'yan jarida suka ajiye ta a matsayi na 14.

Gayyatar da ta zo da sharaɗi

Abin da 'yan wasan suka ruwaito, kuma suka tsaya a kansa har ƙarshen rayuwarsu, shi ne cewa saƙo ya iso musu ta bakin mai horar da su: masu shirya Orange Bowl a Mayami za su karɓe su, amma da sharaɗin a bar Matson da Toler a gida. Suka ce ba a ɓata lokaci wajen muhawara ba. Farare ne fiye da 30, baƙi 2, amma babu wanda ya miƙe ya ce a duba maganar. Suka ce in ba za a je gaba ɗaya ba, to a fasa. Wani mai sharhin wasanni a rediyon San Faransisko, Ira Blue, ya ba da labarin cewa wani jami'in Gator Bowl ya shaida masa kwamitocin Kudu sun yi shawarar kauce wa makarantun da ke da baƙaƙen 'yan wasa.

Su kuwa masu Orange Bowl ba su amsa wannan zargi ba. Hujjarsu ita ce abokan karawar San Faransisko ba su da ƙarfi. Suka gayyaci Georgia Tech da Baylor, aka yi wasa ranar 1 ga Janairun 1952, Georgia Tech ta ci 17 da 14.

Adalci ya sa mu ce hujjar tasu ba ta rasa ƙafar tsayawa ba. A cikin wasa 9, biyu da sansanonin soja aka yi su, biyu kuma da makaranta ɗaya, sannan makarantun da aka gayyata duk suna sama da San Faransisko a jerin 'yan jarida. Haka nan ba kowace ƙofar Kudu ce ke kulle ruf ba, domin tun a 1948 Jami'ar Penn State ta je Cotton Bowl da baƙaƙen 'yan wasa biyu. Amma akwai tambayoyin da hujjar ba ta amsa ba. Stanford da Kalifoniya, waɗanda suka kara da San Faransisko a 1950, ba su cikin jadawalinta na 1951, ita kuwa makaranta ba ta iya tilasta wa babba ya fito fili. Baylor da aka ɗauka an ci ta sau ɗaya, ta yi kunnen doki sau ɗaya. Kwalejin Pacific, wadda aka yi wa 47 da 14, ta sami gayyata zuwa Sun Bowl a El Paso. Wanda ya yi duka yana zaune a gida, wanda aka daka yana kan hanya.

A ganinmu, masu neman a nuna musu takardar gayyata mai ɗauke da sharaɗin suna neman abin da ba a taɓa rubutawa ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai ko na ɗaukar ma'aikata ya san yadda irin wannan magana ke tafiya. A baranda ake yin ta, ko ta wayar tarho, ko ta bakin wani wanda ya ji daga wani, sannan in aka shiga ɗakin taro a rubuta wani dalili mai tsabta a cikin rahoto. Abin da ya biyo baya ma ya isa shaida. A ƙarshen 1955, da aka ji Jami'ar Pittsburgh za ta zo Sugar Bowl da ɗan wasanta baƙi, Bobby Grier, gwamnan jihar Jojiya da kansa, Marvin Griffin, ya nemi a hana Georgia Tech zuwa. An dai yi wasan, amma a 1956 majalisar jihar Louisiana ta kafa dokar hana baƙi da farare yin wasa tare. A 1958 kuma Jami'ar Buffalo ta mayar da gayyatar Tangerine Bowl ta birnin Orlando, saboda an ce 'yan wasanta biyu baƙi ba za su taka filin ba. In haka lamarin yake bayan hukuncin 1954, to me za a ce game da 1951?

Kuɗin da suka rasa

Masu ba da wannan labari kan tsaya a kan jarumtar samarin, su wuce maganar kuɗi da sauri. Mu kuwa da muka taɓa riƙe littafin kuɗin makaranta, nan ne idonmu ya fi tsayawa. Ƙungiyar wasan tana jawo wa jami'ar hasarar kimanin dala 70,000 a shekara. Dalilan a fili suke. Filin Kezar da suke wasa a ciki suna raba shi ne da ƙungiyar 'yan kasuwa ta 49ers, wadda aka kafa a 1946, kuma ta janye 'yan kallo. Dokar wasa ta lokacin ta ba da damar canza 'yan wasa ba iyaka, saboda haka kowace makaranta sai ta tanadi runduna biyu, ta kai hari da ta tsaro, ta ɗauki nauyin karatunsu da cinsu da kwanansu. Ga yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950 yana kwashe samari zuwa soja. Kwalejin St. Mary's, maƙwabciyarsu kuma 'yar'uwarsu a Katolika, ta riga ta ajiye wasan bayan kakar 1950.

Kason da ake samu daga wasan sabuwar shekara shi ne abin da ake sa ran zai toshe wannan rami. Samarin sun san haka lokacin da suka ba da amsa. Ranar 30 ga Disamba, 1951, shugaban jami'ar, Fada William Dunne, ya ba da sanarwar dakatar da wasan. Ba mu ga abin zargi a wurinsa ba. Shugaban makaranta da ya bar albashin malamai da kayan ɗakin gwaji ya bi tafin 'yan kallo, ya ci amanar da aka ba shi. Loyola ma ta rufe nata a wannan shekara, Santa Clara ta bi sahu bayan kakar 1952. Abin da ke da ciwo shi ne ita San Faransisko tana da hanyar tsira a gabanta, aka gindaya mata abin da mai mutunci ba zai iya tsallakewa ba. Mu da muke gani da idonmu yadda filayen wasan makarantunmu na firamare ke komawa shaguna da fulotai, mun san cewa abin da makaranta ta ajiye saboda rashin kuɗi da wuya ya dawo. An ɗan farfaɗo da wasan a jami'ar daga baya a ƙaramin mataki, bai yi ƙarko ba, kuma yau ba ta da ƙungiyar wannan wasa.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne 'yan ajin baya, waɗanda ke da sauran shekara ɗaya ko biyu. Wasu suka haƙura da wasa, wasu suka nemi wata makaranta. St. Clair ya koma Jami'ar Tulsa ya ƙarasa, kuma wani abin al'ajabi, da rigar Tulsa ya je Gator Bowl a Janairun 1953, ɗaya daga cikin wasannin da suka rufe wa tsohuwar makarantarsa ƙofa.

Abin da ya zama da su

Zancen cewa ba su kara da masu ƙarfi ba, lokaci ya ba da amsarsa. Da yawansu sun shiga babbar gasar 'yan kasuwa ta NFL, kuma uku daga cikinsu sun kai ga zauren girmamawa na wasan, wanda shi ne ƙololuwar daraja: Matson da Marchetti a 1972, St. Clair a 1990. Matson ya je gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya dawo da lambar tagulla a tseren mita 400 da ta azurfa a tseren miƙa sanda. Wato wanda aka ce bai dace ya taka fili a Mayami ba, bayan wata 7 shi ne ke ɗauke da tutar ƙasar a ƙirjinsa a gaban duniya. Rozelle kuwa ya zama shugaban NFL baki ɗaya daga 1960 zuwa 1989. Ita jami'ar ta mayar da hankali ga ƙwallon kwando, ta ci kofin ƙasa a 1955 da 1956 da baƙaƙen 'yan wasa irin su Bill Russell da K.C. Jones a sahun gaba.

Amma mu malaman makaranta, wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Burl Toler. Ƙungiyar Cleveland Browns ta zaɓe shi a 1952. Kafin ya fara mata wasa aka gayyace shi karawar da ake yi kowace shekara a Chicago tsakanin fitattun ɗalibai da zakarun 'yan kasuwa. A wannan wasa gwiwarsa ta lalace, kuma daga ranar bai sake buga ƙwallo ba. A cikin wata 9 ya rasa wasan sabuwar shekara, ya ga an rushe ƙungiyarsu, ya rasa sana'ar da kowa ke cewa zai fi kowa a cikinta. An ruwaito cewa ya daɗe yana jin nauyin abin a zuciyarsa, yana ganin saboda shi ne abokansa suka yi hasara, su kuwa suna ce masa ba su taɓa yin da-na-sani ba.

Ya karɓi digirinsa ya ɗauki alli. Ya yi shekaru 17 a makarantar Benjamin Franklin da ke birnin San Faransisko, daga malamin aji har ya zama shugabanta, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci makarantar gaba da firamare a birnin. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san babu tafi a cikinsa. Rajista ce da safe, da rabon faɗa, da iyayen da ba su gamsu ba, da yaron da ya zo bai karya kumallo ba. Wani abin lura shi ne Johnny Bright ma, wanda aka karya wa muƙamuƙi a Oklahoma, bayan ya yi wasa a Kanada, aikin da ya ƙare a kansa ke nan, malami kuma shugaban makaranta a birnin Edmonton.

A 1965 Rozelle, wanda a da yake rubuta wa 'yan jarida labarin bajintar su Toler, ya naɗa shi alƙalin wasa a NFL. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Ya yi kusan shekaru 25 yana wannan aiki a ranakun Lahadi, har ya yi alƙalanci a wasan ƙarshe na Super Bowl a 1980, kuma aikin ya riƙa kai shi biranen Kudu, yana busa usur ana tsayawa. Ya zauna a hukumar kula da 'yan sandan birnin, ya kuma zama ɗaya daga cikin amintattun jami'ar da ta yaye shi.

Karramawa ta zo a makare, kamar yadda ta saba. A 2006 jami'ar ta ba ƙungiyar 1951 digirin girmamawa, a shekarar kuma aka sa wa harabar tsohuwar makarantar da Toler ya shugabanta sunansa. A Janairun 2008 masu shirya Fiesta Bowl a jihar Arizona suka gayyaci waɗanda suka rage a raye, dattawa masu kusan shekaru 80, aka gabatar da su a gaban 'yan kallo, shekaru 56 bayan gayyatar da ba ta zo ba. Toler ya rasu a 2009, Matson a 2011, St. Clair a 2015, Marchetti a 2019.

A cikin harabar jami'ar akwai wani babban gidan kwanan ɗalibai wanda ya daɗe yana ɗauke da sunan James Phelan, tsohon ɗalibin makarantar, wanda ya yi magajin garin San Faransisko ya kuma yi sanata. Phelan ya yi yaƙin neman zaɓe a 1920 da kiran a bar Kalifoniya ta zama ta farare, yana adawa da shigowar mutanen Japan. Ɗalibai suka yi ta ƙorafi a kan sunan, har a 2017 hukumar jami'ar ta sauke shi daga jikin ginin, ta maye gurbinsa da na Burl Toler.